Yadda ake fitar da girman kafar iskar sanyaya inji a jirgin sama haɗin gida

Injin Lycoming O-320 mai ƙarfin doki 160, wanda masu haɗa ƙananan jirage da hannu ke yawan ɗorawa, ba shi da lagireton ruwa. Iska ce ke shiga ta kafofi biyu a gefen farfela, ta taru a saman silindoji, ta kutsa ta tsagogin jikinsu zuwa ƙasa, ta fice ta ƙarƙashin murfin inji. Abin da ke tura ta shi ne bambancin matsi tsakanin sama da ƙasa, don haka girman kafa kaɗai ba ya sanyaya inji.

Kada a yi lissafi da lokacin da jirgi ya daidaita yana sharara gudu. A yi shi da lokacin hawa sama a ranar zafi, an ba inji wuta duka, gudu kuma kaɗan. Littafin kamfanin inji ne zai faɗi iskar da yake buƙata. Ga inji mai wannan girma a ɗauka kilo 1 a daƙiƙa. A ce ana hawa da gudun kilomita 150 a awa, wato mita 42 a daƙiƙa. Ba a son iska ta shiga da wannan gudun duka, ana so ta lafa tun a waje don gudunta ya koma matsi. A ɗauki kashi 60 cikin ɗari, mita 25 ke nan. A zafin digiri 40, nauyin iska kusan kilo 1.1 ne a kowace kubik mita. A ninka 1.1 da 25, a raba 1 da abin da ya fito: murabba'in mita 0.036, wato murabba'in santimita 360. Kafa biyu, kowacce 180, wato da'ira mai faɗin santimita 15. Idan lagireton baƙin mai daga nan zai sha iska, a ƙara kamar kashi 10.

Leɓen kafar ya zama mai kauri, a mulmule. Leɓe mai kaifi yana yanke iska sa'ad da hancin jirgi ya ɗaga, daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Daga ciki kuma hanyar ta riƙa buɗewa sannu a hankali, kada kusurwar buɗewar ta wuce digiri 7 a kowane gefe, ba tudu ba gargada.

Mafita ce ke iko da yawan iskar da ke wucewa. Iskar da ta ɗau zafi ta kumbura, ga salansa da ƙafar tayar gaba sun cinye wuri, sai a cire su daga lissafin faɗinta. Wanda ya faɗaɗa mashiga ya bar mafita a tsuke, iska za ta cika ta amayo ta gefen farfela, jirgi ya rage gudu, zafi yana nan yadda yake. Ƙyaure mai buɗewa a mafita ya fi: a buɗe wajen hawa, a rufe wajen tafiya.

Kafin a taɓa zarto, a auna. A lanƙwasa siririn tiyo mai nuna ciki, a zuba ruwa, kai ɗaya a saman silindoji, ɗaya a ƙasa. Ana neman ratar santimita 13 zuwa 15 tsakanin tsayin ruwan a ɓangarorin tiyon biyu. A gudun 150, iskar da jirgi ke karo da ita santimita 11 kawai take bayarwa, ragowar daga farfela da zuƙar mafita ne. A gudun 185 tana haura 16. Shi ya sa sassauta hawa don gudu ya ƙaru ke sauke zafi nan take.

Idan ratar ta gaza, galibi yoyo ne. A sa tocila a ƙarƙashin inji cikin duhu: duk inda haske ya ɓullo tsakanin gwangwanin da ya kewaye silindoji da jikin inji, a like da silikon mai jure zafi. Robar bakin gwangwanin ta kwanta ta ciki, yadda matsi zai ƙara manna ta da murfi.

A sa ma'aunin zafi a kan kowace silinda. Iyakar Lycoming digiri 260 ce, amma kamfanin ya fi son a tsaya ƙasa da 224, ko 204 a tafiyar tattalin mai. Silinda ta 3 ta saba fin sauran zafi, domin tsagoginta na baya ba su da zurfi, gwangwani ya toshe musu hanya. Washa ɗaya tsakanin gwangwanin da kan silindar kan buɗe wa iska hanya.