Yadda Za Ka Sa Wayarka da Yininka Su Yi wa Burinka Aiki

Kafin ka goge komai a waya, rubuta burinka da lamba a kai. "Ina son in ci gaba" ba buri ba ne da za a iya aunawa. Wanda za a iya aunawa shi ne irin wannan: tara sefa jaka 150 kafin damina don sayen keken ɗinki, ko warware tsofaffin takardun lissafi biyu a mako kafin jarrabawar Probatoire ta sakandare, ko karanta hizbi ɗaya kullum, wanda zai kai ka sauka cikin wata biyu tunda hizbi 60 ne. Buri ɗaya ya isa. Mai ɗaukar uku a lokaci guda yakan sake su duka kafin wata ya ƙare.

Sai ka auna abin da wayar take ci. A yawancin wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da Samsung, shiga Paramètres ka nemi Bien-être numérique. Zai nuna maka awa nawa ka yi a kowace manhaja. Idan ƙaramar waya ce da ba ta da wannan, duba Utilisation des données, nan ma za ka ga wadda ta fi shan data. Yi mako guda kana rubuta adadin kowane dare ba tare da ka canza komai ba. Haɗa da kuɗi: mai sayen forfe, wato ƙunshin data, na sefa 500 kullum, a MTN ko Orange ne a Garwa, ko Airtel ko Moov a Njamena, yana kashe jaka 15 a wata, fiye da jaka 180 a shekara. Kuɗin keken ɗinkin nan ke nan, har da canji.

Yanzu tankaɗe. Tambayar da za ka yi wa kowane shafi da kowane guruf guda ce: a makon da ya wuce, me na samu a nan da na yi amfani da shi? Mai ɗinki da ke bin shafin da ke koya yanka ya samu amsa. Mai bin shafin da ake zagin juna kan malamai ko siyasa bai samu komai ba sai ɓacin rai da ya bi shi har shago.

Guruf-guruf na WhatsApp su ne suka fi wuya, saboda zumunci. Fita daga guruf ɗin dangi ko na unguwa magana ce da za ta kai kunnen baffa da gwaggo. Ba sai ka fita ba. Sa shi a Mode silencieux, zaɓi Toujours, sannan ka tura shi Archives, ka riƙa leƙawa sau ɗaya bayan la'asar. Sanarwar rasuwa ko haihuwa ba za ta wuce ka ba, don abin gaggawa kira ake yi. Daga nan shiga Stockage et données ka kashe saukar hotuna da bidiyo ta kai tsaye. Wannan kaɗai yana rage data da cikar memori sosai.

TikTok da Facebook kuwa suna koyon halinka ne daga inda ka tsaya. Ko zagi ka rubuta a ƙarƙashin bidiyo, manhajar ta ɗauka kana so, gobe ta ƙaro maka irinsa. Don haka kada ka yi sharhi, kada ka kalla har ƙarshe. A TikTok, danna bidiyon ka riƙe ka zaɓi Pas intéressé, wato ba ka so, sannan ka nemi abin da ya shafi burinka da gangan, ka kalli uku ko huɗu har ƙarshe. Bayan kwanaki shafin zai fara sauyawa. Manhajar caca ba a tankaɗe ta, goge ta ake yi, musamman idan tana haɗe da Mobile Money ko Orange Money ɗinka.

Wajen labarai, rediyo ya fi waya alheri, domin shirin yana da farko yana da ƙarshe. BBC Hausa, RFI Hausa, DW, ko tashar CRTV ta Marwa ko Garwa: zaɓi ɗaya da safe, ɗaya da dare, ya wadatar. Saƙon murya da aka yi ta turawa ba sunan mai magana, ba rana, ba gari, kada ka tura shi gaba, balle idan ya shafi tsaro a kan iyaka.

Gurbin da ka buɗe dole a cike shi, in ba haka ba hannu zai koma inda ya saba. Sauke karatu, darasi ko bidiyon sana'a tun lokacin da kake da data ko Wi-Fi, ka ajiye a memori, don ka kalla data a kashe. Idan wajen masu tura fina-finai a kasuwa kake zuwa, faɗi abin da kake so da sunansa, kada ka ce a cika maka kawai.

Sabuwar ɗabi'a tana kamawa ne idan an rataye ta jikin tsohuwa, kuma salloli biyar sun riga sun yanka mana yini. Aikin da ke buƙatar kai, hadda ko lissafi ko Faransanci, a sa shi bayan asuba, minti 25 zuwa 30, wayar tana wani ɗaki. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura 40 a Garwa da Kusiri da Njamena, duk wanda ya ajiye karatu sai bayan azahar ya yaudari kansa. Wannan lokacin na sauraro ne ko ƙailula. Bayan magariba ɗan kasuwa ya rubuta cinikin yini, ya ware na adashi kafin ya zauna majalisar shayi, ba bayan ya tashi ba.

Dare ne yake rusa tsarin yawancin mutane. Forfen dare yana da araha, amma da barci ake biyan sa, kuma babba yana buƙatar aƙalla awa 7. Tsayar da lokaci, misali ƙarfe 10, ka sa wayar caji nesa da shimfiɗa. Da yake wuta tana ɗaukewa, ka tanadi ƙaramar fitila mai sola don karatu, saboda wanda ya kunna tocilan waya don ya karanta littafi yakan ƙare a sitatus.

Ja layi a kalanda duk ranar da ka cika. Idan biki ko rashin lafiya ya sa ka tsallake rana, kada ka ninka washegari, koma ga adadin da ka saba. Ranar Juma'a ka sake buɗe Bien-être numérique ka gwada da makon farko. Idan awannin sun ragu amma aikin bai ƙaru ba, wata manhaja ce ta gaji lokacin, sai ka nemo ta ka sa mata iyakar minti 30. Idan kuma ka tsallake kwana uku a mako, adadin ne ya yi maka yawa: raba shi biyu, rabin hizbi ko takarda ɗaya, ka riƙe haka mako biyu kafin ka ƙara.