Kurakuran da 'yan uwanmu ke yi a Amurka da Kanada idan guguwar dusar ƙanƙara ta tunkaro

A shekarata ta farko a arewacin Amurka, na fito da asuba zan tafi aiki sai na tarar gilashin motata ya daskare kamar an yaɓe shi da siminti. Na koma ciki na ciko butar alwala da ruwan zafi. Allah ya so, wani dattijo maƙwabcina da ke share ƙofar gidansa ya hango ni, ya daka min tsawa kafin in kwara. Gilashin da ya kwana cikin irin wannan sanyi ba ya jure zafi farat ɗaya, tsagewa yake yi, in ma bai tsage ba ruwan zai sake daskarewa nan take. Ya miƙo min abin kankare ƙanƙara na roba, ya ce in tayar da mota, in juya iskar hita zuwa gilashi, in yi haƙuri minti 10.

Tun daga ranar na lura yawancin kurakuranmu tushensu ɗaya: da mudun hunturun gida muke auna wannan sanyi. A Kano ko Damagaram, sanyi ya yi tsanani ka ƙara rigar sanyi, ka shafa mai, da hantsi rana ta fito. A nan kuwa abin da masu hasashen yanayi ke kira babbar guguwa shi ne iska mai gudun kilomita 56 a awa ko fiye, ga dusar ƙanƙara ta rufe ido har ba ka ganin abin da ya wuce mita 400, kuma a shafe aƙalla awa uku a haka. Wadda ta faɗa wa birnin Bafalo na jihar New York a Disambar 2022 ta kashe fiye da mutum 40, wasu a cikin motocinsu aka same su. Ana sanar da zuwan irin wannan guguwa tun saura kwanaki. Mu kuwa sai mu ce bari mu ga kamun ludayinta tukuna, ranar da ta iso mu ruga kanti mu tarar an wawashe burodi, ruwa da batiran tocila.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne na gawayi. Mun taso muna ganin kakanninmu na shigar da kaskon wuta ɗaki lokacin hunturu, shi ya sa idan aka ɗauke lantarki hankalinmu ke tafiya kan murhun gasa nama da ke bayan gida. A tuna ɗakunanmu na gida suna da kafofin da iska ke ratsawa, amma duk da haka ana samun wanda ke kwanciya da garwashi bai farka ba. Gidajen nan kuwa an toshe su ruf don kada ɗumi ya fita. Gawayi, gas da fetur duk suna fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Takan fara da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, mutum ya ɗauka mura ce ya ja bargo. A guguwar Teksas ta Fabrairun 2021, da ta bar miliyoyin gidaje cikin duhu, hukumomin jihar sun ƙidaya mutum 246 da suka rasu, kuma ɗaruruwa sun je asibiti saboda wannan iska kaɗai. Saboda haka ban da gawayi a cikin gida, ban da buɗe murhun gas don ɗumama falo, ban da tayar da mota a cikin gareji don a ji ɗumi ko a yi cajin waya, ko da ƙofar garejin a buɗe take. Janareta kuma, mu da muka san ɓarnar hayaƙinsa tun a gida bai kamata a tuna mana ba: a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. A sayi ƙararrawar gano wannan iska mai aiki da batir, a maƙala kusa da ɗakin kwana. Idan ta yi kuka, ko mutum biyu a gida suka fara ciwon kai lokaci guda, kowa ya fita waje a kira lambar gaggawa ta 911.

Akwai kuma masu cewa ai hitarsu ta gas ce, ɗauke wuta bai shafe su ba. Ya shafe su, domin fankar da ke tura ɗumin zuwa ɗakuna da lantarki take juyawa. Idan hakan ta faru, iyali su taru a ɗaki ɗaya ƙarami, a toshe ƙasan ƙofa da tawul, a sa tufafi hawa-hawa maimakon jibgegiyar riga ɗaya. Idan dusa ta taru, a leƙa waje a duba bututun da hitar ke fitar da hayaƙi ta jikin bango, domin in ya toshe cikin gida hayaƙin zai dawo.

Batun abinci ma muna tafka kuskure. Za ka ga gidan Bahaushe da buhun shinkafa da kajin firiza, ya ce ya shirya. Da me za ka dafa in murhunka na lantarki ne? A tanadi abin da ake ci ba girki na kwana uku: dabino, gyaɗa, garin kwaki da sukari, kifin gwangwani, madarar yara. Ruwan sha kamar lita 4 ga kowane mutum a rana. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya karɓo maganinsa tun hanya na buɗe.

Sai bututun ruwa, wanda 'yan haya ke ganin ba ruwansu da shi. Ruwa in ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya fasa bututu a cikin bango, ba za ka sani ba sai ranar da ya narke ya cika maka gida. Na san masu kashe hita gaba ɗaya in za su zo gida hutun ƙarshen shekara, wai tattalin kuɗin wuta. Tattalin tsiya ke nan. A bar ta a kan digiri 13 na ma'aunin Celsius aƙalla. A daren tsananin sanyi a bar famfo yana ɗan ɗiga, a buɗe ƙofar kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumi ya kai ga bututun. Tun yau ka nemo inda ake rufe ruwan gidan gaba ɗaya. In bututu ya riga ya daskare, na'urar busar da gashi ta isa, kada a kusanto shi da harshen wuta.

A ɓangaren mota, ɗabi'ar zuba mai na yau kawai ba ta aiki a nan. Kada tanki ya sauka ƙasa da rabi, domin shi ne ɗuminka in ka maƙale. A Janairun 2022 motoci sun tsaya cak a babbar hanyar I-95 a jihar Bajiniya, har Sanata Tim Kaine ya shafe awa 27 a hanya. Kada kuma a cika lagireto da ruwan famfo kamar yadda muka saba, daskarewa zai yi ya fasa inji. Ruwan lagireto na musamman ake sawa, haka ma ruwan wanke gilashi, a sayi wanda aka rubuta yana jure digiri 40 ƙasa da sifili. Batir in ya haura shekara uku a kai a gwada shi, sanyi na rage masa ƙarfi daidai lokacin da inji ya fi wuyar tashi.

Masu manyan motoci da ke jan ƙafa huɗu su suka fi faɗawa rami, a ganina, saboda suna jin sun fi ƙarfin hanya. Jan ƙafa huɗu na taimaka maka ka tashi, amma wajen birki taya ce ke magana. Robar tayar da aka saba takan ƙandare da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 na Celsius, ta hunturu kuwa tana nan da laushinta. A lardin Kwibek na Kanada doka ce ma a sa ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A kula da gada, ita ke riga sauran hanya daskarewa.

A bayan mota a ajiye bargo, ƙaramin shebur, tocila, wayar jona batir, abin taɓawa da buhun yashi na zubawa ƙarƙashin taya. In guguwa ta rutsa da kai, kada ka fita da ƙafa neman taimako sai in kana ganin ginin ƙuru-ƙuru kusa da kai. Ka zauna, ka kunna inji kamar minti 10 kowace awa, ka ɗan sauke gilashi. Amma kafin kowace kunnawa ka zagaya ka tone bakin salansa, in dusa ta binne shi hayaƙin cikin motar zai shigo.

Bayan ta lafa, saura sharar ƙofar gida. Dusa mai jiƙa nauyi gare ta, kuma duk shekara tana jawo wa mutane bugun zuciya. Tura ta ake yi da shebur, ba a cika cak ana jifa. In Baba ya zo ziyara ya ce zai motsa jiki da shebur, a lallaɓa a karɓe, a ba samarin gidan.