Kafin ka biya kuɗin wata na wasannin waya

Ina gyaran waya a babbar kasuwar Garwa, kuma samari na yawan tambayata ko biyan kuɗin wasanni wata-wata yana da amfani. Yana da shi, amma sai an yi lissafi.

Fara da wayarka. Apple Arcade, tsarin wasannin biyan wata na kamfanin Apple, wanda ya fito a 2019 ya kuma iso Kamaru a 2020, na'urorin Apple kaɗai yake yi. Yawancinmu Tecno ko Itel muke riƙewa, don haka buɗe Play Store ka duba ko Google Play Pass, irin wannan tsarin na wayoyin Android, ya bayyana maka. Mai Netflix kuwa yana da wasanni cikin kuɗin da yake biya tun 2021.

Abin da ya fi burge ni shi ne babu talla, babu "sayi zinariya ka wuce mataki". Ga mai barin waya a hannun yara, wannan kaɗai ya isa dalili, domin tallar caca ba za ta faɗo wa yaro ba.

Sai dai haya ce. Ranar da ka daina biya, wasannin sun kulle. Kuma data daga aljihunka take, saboda haka zaɓi masu tafiya ba intanet, ka sauke su da dare in kana da garaɓasar dare.

Da zarar ka shiga gwajin kyauta, je saitin asusunka ka kashe sabunta biyan kuɗi na kai tsaye, ko ka rubuta ranar ƙarewa. In ba haka ba, wata na cika za a cire maka sefa daga katinka.