Yadda zaka kwashe waƙoƙi daga tsohon iPod ko MP3 zuwa kwamfuta ba tare da ka goge su ba

Kwanaki Yaya ya shigo gida da wani tsohon iPod ɗinsa a aljihu, irin mai zagayen nan da ake murzawa da babban yatsa, classic mai giga 160, duk bayansa ya goge da ƙarce. Wai a ƙasan akwati ya tsince shi da suna kwashe kaya zasu tashi daga gidan haya. Ya miƙo min ya ce kai da ka san kan waɗannan abubuwan don Allah ka fitar min da abin da ke ciki kafin ya ƙarasa mutuwa, akwai tafsirin azumi na shekaru da yawa a ciki, akwai kuma tsofaffin waƙoƙin gargajiya da ya sa aka juyo masa daga kaset, kuma kwamfutar da aka loda su da ita ta daɗe da zama tarihi. Toh ka ga kenan abin da ke cikin ɗan ƙarfen nan shi kaɗai ya rage, in ya tafi shikenan.

Shi yasa tun kafin ka jona komai ka riƙe wannan a ranka: duk wani akwatin saƙo da ya fito maka a sikirin da kalmar Format, ko Erase, ko Restore, ko Sync, kar ka danna eh. Ka rufe shi kawai. Yawancin mutanen da suka yi asarar waƙoƙinsu ba na'urar ce ta lalace ba, hannunsu ne ya yi sauri.

Fara da cajin abin. Na'urar da ta yi shekaru a kwance batirinta ya yi sanyi, zaka iya jona ta ka ga shiru kamar ta mutu, ka barta a caji kamar awa ɗaya tukunna kafin ka yanke mata hukunci. Sannan kebul, nan ma mutane suna shan wahala a banza, domin akwai wayoyin caja da yawa a kasuwa da wuta kawai suke kaiwa basa ɗaukar data, zaka ga abin yana caji amma kwamfuta ko motsi bata yi ba. In haka ta faru sauya kebul kafin ka fara zargin kwamfutar. Tsofaffin iPod faffaɗan bakin nan mai fil 30 suke amfani da shi, nano da touch da suka fito daga 2012 kuma ƙaramin bakin nan Lightning, su kuwa ƙananan MP3 yawanci mini USB ne ko micro USB. Kuma in da hali yi aikin a laftof mai batir, kar ana tsakiyar kwafa a ɗauke wuta.

In MP3 ɗinka irin gama-garin nan ne, na Sin ko ƴar rediyon nan da ake sa wa memori ana jin karatu, ai kai ka huta. Ka jona, ka buɗe This PC, zaka ganshi ya fito kamar filash da harafinsa E ko F, ka shiga ka nemi folda mai suna Music ko kuma ka ga waƙoƙin a zube a waje, ka zaɓe su duka da Ctrl da A, sai Ctrl da C, ka je ka buɗe sabuwar folda a kwamfuta ka danna Ctrl da V. In memori ne a ciki ma gara ka zaro shi ka sa a kad rida, ya fi sauri nesa ba kusa ba. Copy zaka yi ba Cut ba, wannan na koye shi ne da kuka, na taɓa yin Cut na wasu hotuna da waƙoƙi daga memori, ana rabin hanya kebul ya motsa, rabi suna nan rabi suna can wasu kuma suka ƙi buɗuwa, tun daga ranar bana goge na asali sai na kunna na kwamfutar na ji da kunnena.

Akwai wani ɗan tarko a irin su Sansa na SanDisk. Suna da hanya biyu ta magana da kwamfuta, MSC da MTP, kuma waƙar da aka zuba ta hanya ɗaya ba lallai ka ganta ba in ka jona ta ɗaya hanyar, sai ka ga na'urar tana nuna waƙa ɗari biyar amma a kwamfuta talatin kawai kake gani. Ka cire, ka shiga Settings ka nemi USB Mode, ka sauya zuwa ɗayan, ka sake jonawa ka kwashe ragowar.

Toh yanzu mu zo kan iPod, nan ne aikin yake. Apple sun fito da shi a 2001 kuma tun farko sun gina shi ne a kan hanya ɗaya, waƙa ta tashi daga kwamfuta ta shiga iPod, bata dawowa. iTunes, manhajar Apple da ake loda wa iPod waƙa da ita daga kwamfuta, yana ɗaure kowane iPod da ma'ajiyar waƙoƙi ta kwamfuta guda ɗaya, saboda haka in ka jona shi da wata kwamfutar daban mai iTunes zai tambaye ka ko kana so ka yi Erase and Sync, ma'ana ya share duk abin da ke cikin iPod ɗin ya maye da abin da ke kwamfutar, in kuwa kwamfutar babu komai kaga an share maka an bar ka da wayam. Kuma sun daina yin classic tun 2014, nano da shuffle 2017, touch na ƙarshe a 2022, babu wani sabo da zaka je ka saya ka ce bari in sake.

Ni a nawa ganin mafi sauƙi shi ne ka samu kwamfutar Windows da ba a taɓa sa mata iTunes ba, in ka jona classic ko nano ko shuffle zai fito ne kamar filash kawai babu mai tambayarka komai. In kuma akwai iTunes a kai, toh kafin ka jona ka buɗe shi, Edit, Preferences, Devices, ka sa alama a layin da ya fara da Prevent iPods, wanda ke hana iTunes yin Sync da kansa, ka danna OK. Wasu suna danne Shift da Ctrl ne lokacin da suke jona kebul har sai iPod ɗin ya bayyana, yana aiki, amma ni ban yarda da yatsuna haka ba gara in sa alamar hankalina ya kwanta. Bayan ya fito a iTunes in baka ganshi a This PC ba, ka sa alama a Enable disk use.

Zaka buɗe shi ka ga folda uku ko huɗu, Calendars, Contacts, Notes, babu waƙa ko ɗaya, a nan ne Yaya ya dafe kai ya fara salati wai sun tafi. Basu tafi ba, ɓoye su aka yi. A Windows 10 ka danna View a sama ka sa alama a Hidden items, a Windows 11 View ne sai Show sai Hidden items, a Mac kuma ka danna Command da Shift da ɗigo tare. Nan take wata folda mai ɗan dishi-dishi zata fito, iPod_Control, cikinta akwai Music, cikin Music kuma zaka tarar da jerin folda F00, F01, F02 haka har ƙasa, a babban classic suna kai wa F49. Kar ka tsaya zaɓe-zaɓe, ka ɗauki Music ɗin gaba ɗayanta ka kwafa zuwa kwamfuta. Amma ka fara duba girmanta ta Properties ka tabbata kana da wuri, lissafin ba wuya, MP3 na 128kbps minti ɗaya kusan mega ɗaya ne, giga ɗaya zai ɗauki waƙa wajen 250 masu minti huɗu-huɗu, tafsiri mai awa guda kuwa shi kaɗai zai ci wajen mega 60 in a wannan ingancin aka ɗauke shi. Classic faifai ne mai juyawa a cikinsa ba memori ba, saboda haka ka ajiye shi a kan tebur kar ka riƙa ɗaga shi kana juyawa ana cikin aiki, in kana jin yana ƙas ƙas ƙas kuma kwafar tana tsayawa toh faifan ya fara gajiya, ka riƙa ɗaukar folda ɗaya-ɗaya, duk fayil ɗin da ya ƙi ka danna Skip ka wuce, daga baya ka dawo masa.

In kuwa ka jona sai Windows ta ce wai sai ka yi Format kafin ka yi amfani da shi, tsaya. Sau da yawa ba lalacewa ya yi ba, da Mac aka saita shi tun asali kuma Windows bata karanta tsarin faifan Mac. Ka duba Settings sai About a jikin iPod ɗin zaka ga inda ya nuna na Mac ne ko na PC, in na Mac ne ka nemi mai Mac ka roƙi arziki na awa biyu. In kuma kwata-kwata ya ƙi fitowa, akwai dabarar tilasta shi: danne Menu da maɓallin tsakiya har tambarin Apple ya fito, sai ka yi maza ka koma danne na tsakiya da Play, zai shiga Disk Mode, daga nan ka jona.

Abin da zai baka haushi na gaba shi ne sunaye. Zaka buɗe F00 ka ga haruffa huɗu-huɗu marasa ma'ana, irin su KXQT ko BMZA, babu sunan waƙa babu na mawaƙi, kuma a warwatse suke, kashi na ɗaya na tafsiri yana F03 na biyu yana F27. Kar ka damu, sunan gaskiya yana nan a cikin fayil ɗin, abin da ake kira tag. Da farko ka danna dama a kan foldar da ka kwafo, Properties, ka cire alamar Hidden ka ce ya shafi duk abin da ke ciki, in ba haka ba wasu manhajojin ba zasu gansu ba. Daga nan hanya biyu ce. In kana da iTunes, bayan ka cire iPod ɗin, ka je Preferences sai Advanced ka sa alama a Keep iTunes Media folder organized da kuma na ƙasansa mai cewa Copy files, sai File, Add Folder to Library, shi da kansa zai jera su kowane mawaƙi da foldarsa da sunayensu na gaskiya, sai dai ka tuna zai yi kwafi na biyu ne saboda haka wurin da zai ci ya ninka. Ni dai Mp3tag na fi so, manhaja ce kyauta a Windows kuma bata da nauyi, ka jawo foldar ka jefa mata, ka zaɓi duka, Convert, sai Tag - Filename, ka rubuta %artist% - %title% ka danna OK, kafin ka sha ruwa ta gama da dubbai.

iPod touch kuwa wani abu ne daban, shi ɗan'uwan iPhone ne, in ka jona hotuna kawai zaka gani babu wata iPod_Control da zaka shiga. Abin da aka saya a shagon iTunes zaka iya dawo da shi da Transfer Purchases in kana da asusun da aka saya da shi, sauran kuwa sai da manhaja irin iMazing ko CopyTrans, kuma na kuɗi ne, gwajin kyautar yana da iyaka. Haka in ka ci karo da fayil mai ƙarewa da m4p, waɗannan tsofaffin saye ne na kafin 2009 masu kulle, zasu kwafu amma ba zasu yi kiɗa ba sai an ba kwamfutar izini da wancan asusun.

Sai maganar bairos, wadda duk wanda ya taɓa kai memorinsa wajen masu turi a kasuwa ya santa. Ka jona MP3 ka ga duk foldojinka sun koma shortcut masu ƴar kibiya a gindi, kar ka danna ko ɗaya, dannawar ce take shigar da shi kwamfutarka. Waƙoƙin suna nan an ɓoye su ne. Ka fara sa antibairos ta bi ta kansa, sannan ka buɗe cmd, baƙin akwatin nan na Windows da ake rubuta umarni a ciki, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* amma ka sauya E da harafin da naka ya fito da shi, ka danna Enter ka jira, foldojin gaskiya zasu dawo sai ka goge na bogin. Wannan na MP3 da memori ne, ban ce ka je ka yi wa iPod ba.

Da ka gama ka gwada Properties na can da na nan, yawan fayil da girma su zo ɗaya, ka kunna kamar goma daga wurare daban-daban ka ja su zuwa ƙarshe ka ji ko sun yanke, sannan ka yi Eject kafin ka zare kebul. Ka sake zuba kwafi ɗaya a filash ko wani faifan daban, laftof ma ai mutuwa take, ta Yaya ta farko ina take yanzu.

Namu dai ya fita lafiya sai fayil shida da faifan ya ƙi bayarwa duk yadda na lallaɓa shi. Matsala ɗaya da Mp3tag bata iya mana ba ita ce waƙoƙin kaset ɗin nan, mutumin da ya juyo su a tsarin WAV ya ajiye su ba MP3 ba, su kuma sun fito babu tag, sunayensu suna cikin kundin iPod ɗin ne kawai ba a jikin fayil ba. Da Rhythmbox na Ubuntu ne da ya karanto sunayen daga kundin, amma babu mai Linux a kusa kuma Yaya ya ce ba sai an wahala ba ai ya san su duka. Haka muka zauna bayan isha'i ina kunna wa yana faɗin suna ina rubutawa, wata ko daƙiƙa biyar bata yi sai ya ce wuce na gane ta, wata kuma sai ya ce a'a bar ta ta ƙare tukunna, mun yi arba'in da ɗaya a daren, saura tamanin da wani abu ya ce sai Asabar.