Yadda za ka bi asalin sunan Taylor

In kana zaune a Legas dole ka taɓa cin karo da mai suna Taylor, Bayarabe ne tsantsa amma sunan iyali na Ingila, kamar marigayi J.I.C. Taylor alƙalin alƙalan jihar Legas na farko.

Fara da sana'ar. Taylor tela ne, mai yanka yadi ya ɗinka, kalmar kuma daga Faransanci ta shigo bayan Nomawa, mutanen Normandy ta arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066. Da farko laƙabi ne kawai, kamar yadda ake cewa wane maƙeri a Agege ko Idi-Araba, sai ɗa ya gaji sunan ko bai taɓa riƙe almakashi ba, zuwa wajen 1400 yawancin gidajen Ingila sun daidaita a kan suna ɗaya.

Sai takardu. A Ingila rajistar coci ta fara a 1538, ta gwamnati ta haihuwa da aure da mutuwa a 1837, ƙidayar 1841 kuma akwai sunayen mutane gida gida, da yawa suna intanet. Ka gwada Tayler da Tailor ma, don magatakardan da yadda suka ji suke rubutawa.

Amma ɗan'uwa kar ka yi saurin cewa jinin Bature ne, wannan kuskuren yana damuna gaskiya. Gidaje da yawa a nan zuriyar Saro ne, bayin da aka 'yanta aka sauke a Saliyo, suka karɓi sunayen 'yan mishan, suka dawo Legas a ƙarni na 19. Irin wannan a Firitawun, babban birnin Saliyo, za ka nemi bakin zaren, kuma ka fara tambayar tsofaffin gidan da ladabi.