Karatu a Ingila Daga Kaduna: Abin da Za Ka Kammala Kafin Sanyi Ya Kama

Yawancin ɗalibanmu suna sauka Ingila ne a watan Satumba, lokacin da damina ke haramar ɗaukewa a Kaduna, can kuma da sauran ɗan ɗumi. Kada ɗumin nan ya ruɗe ka. Daga saukarka zuwa tsakiyar Nuwamba makonni takwas ne ko tara, kuma a cikinsu ake gama maganar ɗaki, banki, likita da aiki. Wanda ya yi sanya har sanyi da duhu suka haɗu da aikin makaranta na farko, shi ne ke shan wahalar da bai kamata ya sha ba.

Shirin yana farawa tun daga akwati. Takardar gwajin tarin fuka, wadda ake yi a asibitin hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, a Abuja ko Legas, wata shida take aiki, saboda haka ka lissafa ranar yin ta da kyau. Ita da fasfo, takardar gurbin karatu, shaidar kuɗi da ainihin takardun makaranta duk a jakar hannu suke zama. Akwatin da aka auna yana iya yin kwana biyu ko uku bai iso ba, jami'in shige da fice kuwa ba zai jira shi ba. Idan ta jirgin ƙasa za ka bi daga Rigasa zuwa Idu, tafi ana gobe tashinka ka kwana Abuja.

Sai tsarabar Hajiya, wadda sai an yi haƙuri da juna. Dokar Birtaniya ta hana shiga da nama da kayan madara daga Najeriya, komai bushewarsu. Kilishi, dambun nama, soyayyen nama, man shanu, duk kwastan za su ƙwace, wani lokaci har da tara. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20. Abin da ya fi amfani kuma bai da nauyi shi ne kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, citta da kanumfari, a niƙe, a ɗaure cikin leda mai kauri ninki biyu, a rubuta sunan kowanne da Turanci. Daddawa kam ta shiga roba mai murfi, in ba haka ba duk kayan sawarka sai sun ɗauka. Kada ka ɓata kilo a kan shinkafa da taliya, suna nan ko'ina. Ka sa buta ƙarama ta roba da darduma marar nauyi. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, cajarka za ta shiga.

Maganar kuɗi ita ce ta fi kayar da mutane, don haka bari mu daɗe a kanta. Kafin a ba ka biza sai kuɗin da aka ƙayyade sun kwana 28 a jere cikin asusu, ka kuma biya kuɗin kiwon lafiya, fam 776 a kowace shekara tun daga Fabrairun 2024. Kuskuren da ake yi shi ne aro kuɗin a nuna, a mayar wa mai su, a tafi da niyyar aiki zai rufe sauran kuɗin makaranta. Ba ya rufewa. Mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama fam 12.21 ne a awa a farashin Afrilun 2025. Ka buga shi sau awa 20 da aka yarda ɗalibi ya yi aiki, za ka samu fam 244 da 'yan kai a mako, wato abin haya da cefane, ba na biyan jami'a ba. Ga kuma naira: kafin Yunin 2023 fam ɗaya a farashin hukuma bai kai naira 600 ba, a 2024 ya haura 2,000, kuma a shekarar an samu 'yan Najeriya da jami'a ta cire saboda sun kasa cika kuɗi. Duk abin da aka tanada maka, a mayar da shi fam da wuri, ko a tura wa makaranta kai tsaye. Idan gwamnati ko wata hukuma ce ta ɗauki nauyinka, ka riƙe na wata uku a gefe, don alawus yakan makara, mai gidan haya kuwa ranarsa ranarsa ce. In ka hango biyan wani zango zai gagara, je ofishin kuɗi na jami'a tun ranar ba ta zo ba, ka nemi a raba maka. Shiru shi ke jawo rufe maka shafin karatu, daga nan sai a kai sunanka ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, mai kula da biza.

A makon farko ka karɓi wasiƙar shaidar ɗalibta, da ita ake buɗe asusun banki. Kati ne ke aiki a can, motocin bas na Landan ma ba sa karɓar tsaba. Da zarar ka buɗe, ka kiyaye abu ɗaya: kada kuɗin wanda ba ka sani ba ya ratsa ta asusunka. Wani zai ce ya turo maka fam ka ba shi naira a gida da farashi mai daɗi, ko ka karɓa masa ka tura gaba ya ba ka lada. Idan kuɗin na damfara ne, asusunka za a rufe, sunanka ya shiga rajistar da za ta hana ka buɗe wani na tsawon shekaru.

Ɗaki kuma, kada ka biya ko sisi sai kai ko wani amintacce ya shiga ya gani da idonsa. Hotunan Facebook da WhatsApp sun cinye kuɗin mutane da dama. A Ingila kuɗin ajiyar da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna ba ya wuce hayar mako biyar, kuma wajibi ne ya sa shi a ɗaya daga cikin tsare-tsaren ajiya da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, ya ba ka shaida. Tambayi ko wuta, gas, ruwa da intanet suna cikin hayar, domin ɗaki mai arha da kuɗin gas ba ya cikin hayarsa yakan fi mai tsada ci a watan Janairu. Ranar da ka tare, ɗauki hoton bango, katifa, kafet da mita, ka tura wa mai gidan ta imel. Da hotunan za ka karɓi ajiyarka ranar tashi. Ɗalibi mai karatu na cikakken lokaci ba ya biyan harajin gida na ƙaramar hukuma, amma sai ya aika musu takardar jami'a.

Sanyin can ba hunturunmu ba ne. Namu busasshe ne, rana na ɗagawa ya saki. Nasu jiƙaƙƙe ne mai iska, yana wuni yana kwana. Riga ɗaya mai kauri ba ta maganinsa, hawa uku ake yi: mai kama jiki a ciki, suwaita a tsakiya, sai jaket mai tare ruwa da iska. Na ciki da suwaita da safa masu kauri ka tsinto su a gwanjon Kasuwar Barci, sun fi arha nesa ba kusa ba. Jaket da takalmin da ruwa ba ya ratsawa ka bari sai ka isa, shagunan kayan hannu na ƙungiyoyin agaji suna da masu kyau.

Mun saba toshe tagogi da hunturu saboda ƙura. Yin haka a can, ga shanyar wanki a kan hita, ga tururin girki, shi ke haifar da baƙin fumfuna a kusurwar bango da bayan katifa, sai tari ya biyo baya, mai gida kuma ya cire a ajiyarka. Buɗe taga minti goma kowace safiya, ka bar tazarar tafin hannu tsakanin gado da bango. Kada ka taɓa ɗumama ɗaki da gawayi ko murhun girki, iskarsu tana kashe mutum yana barci. Ƙararrawar hayaƙi tana tashi da suyar albasa ko turaren wuta. Kunna fankar kicin ka rufe ƙofa, amma kada ka rufe ƙararrawar da leda, laifi ne babba a gidajen ɗalibai. Banɗakinsu ma ba a yi shi don ruwa ya kwanta a ƙasa ba, ajiye tsumma ka goge bayan alwala, shi ne zaman lafiya da abokan zama.

Sallah tana son tsari tun kafin agogo ya juya. Alƙibla a can kudu maso gabas take, ba gabas ɗin da ka saba ba. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan Kaduna ta riga ku da awa guda har ƙarshen Maris. A Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu, wato Azahar, La'asar da Magariba duk suna faɗowa cikin lokacin lakca. Nemi ɗakin sallar jami'a a makon farko, ka ɗora jadawalin masallaci kusa da na darasi ka ga inda ratar take. Ofishin kula da addinai na jami'a yana haɗa Musulmi da ƙungiyarsu, Kirista da cocin da ya dace da shi. Naman halal yana shagunan 'yan Pakistan, Turkawa da Somaliyawa, a can za ka samu semo da garin shinkafa na tuwo. Yi miya tukunya ɗaya ranar Lahadi, ka raba a robobi biyar ka daskarar.

Yi rajista da likitan unguwa kana lafiya, kyauta ne. Faɗa masa idan kana da sikila ko asma, ka nemi allurar sanƙarau idan ba ka kai 25 ba. Lambar 111 ta rashin lafiyar da ba ta gaggawa ba ce, 999 ta ceton rai. Hukumar lafiyarsu tana ba masu baƙar fata shawarar shan bitamin D, maikirogiram 10 kullum, saboda ƙarancin rana. Duhun nan yana taɓa zuciya ma. In ka ga kana kwana biyu ba ka fita ba, abinci ya fita kanka, kana gudun kiran gida, je wurin masu ba da shawara na jami'a, ka kuma faɗa wa wani ɗan'uwa. Wannan ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani.

Aiki awa 20 ne a mako lokacin karatu, daga Litinin zuwa Lahadi, ko wurin aiki nawa ka haɗa. Ba a yin 25 wannan mako a rama da 15 a na gaba. Sana'ar kai ma haram ce a bizar ɗalibi, har da kai saƙon abinci da babu albashi a rubuce, da kitso ko ɗinki a ɗaki don kuɗi. Nemi lambar inshorar ƙasa, wato lambar da ake lissafa harajin ma'aikaci da ita, da wuri, ka adana kowace takardar albashi.

A aji, malami zai ce ka kira shi da sunansa, kuma sunkuyar da kai da muke yi don ladabi yana iya ɗaukarsa rashin fahimta. Dube shi, yi tambaya, je ofishinsa a awannin da ya ware. Maki 50 ake ci da shi a yawancin digiri na biyu, 70 zuwa sama kuwa shi ne mataki mafi girma, don haka 62 ba abin kuka ba ne. Abin da ke kora shi ne kwafe: duk jimlar da ka ɗauko, ko ka sauya kalmominta, sai ka faɗi mai ita. Ana kuma ƙirga halartar aji, fashi mai yawa yana taɓa biza.

Tsohon fasfonka da hatiman fita da shiga, kada ka yar ko ya ƙare, hukumar bautar ƙasa za ta nemi ganinsu idan ka dawo. In kuma ka zo hutu Kaduna bayan shekara guda, sha maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ka kwana a gidan sauro, don garkuwar jikinka ta ragu. Zazzaɓi ya kama ka bayan ka koma, kalmar farko da za ka faɗa wa likita ita ce daga Najeriya ka dawo, a gwada jininka a ranar.