Yadda Nake Gane Shekarun Tsohuwar Takardar Waƙa ta Ingila

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tara takardun waƙoƙin gidajen wasan kwaikwayo na Landan, irin waɗanda ake bugawa falle ɗaya, baitoci a ƙarƙashin alamomin kiɗa. Ta farko da na saya ta ƙona ni: mai rumfa ya ce ta 1750 ce, ashe hoton tsohuwa aka ɗauka aka sake bugawa. Abin da ya sa ake faɗa wa wannan rami shi ne masu ɗab'i na wancan zamani ba su cika sa shekara ba. Sai dai ka tambayi takardar da kanta.

Fara da yatsa, bayan ka wanke hannu ya bushe. A ƙarni na 18 ana sassaƙa waƙar ne a kan farantin jan ƙarfe, ko a doka alamomin a kan farantin kuza kamar yadda mai ɗab'i John Walsh ya shahara da yi, a shafa tawada, a danne takarda mai danshi da ƙarfi. Bakin farantin yana barin zurfi mai kusurwa huɗu kewaye da rubutun. Shafa a hankali, za ka ji shi. Idan babu, ko dai an datse gefen lokacin da aka ɗinke ta cikin kundi, ko kuma ba bugun faranti ba ce.

Daga nan ɗaga ta zuwa hasken taga. Nan ne na fi daɗewa, kuma nan ne daɗin abin yake. Tsohuwar takarda daga tsummoki ake yin ta da hannu, za ka ga layuka sirara a jere, da wasu masu kauri da suka gitta su, tazarar kamar inci ɗaya. Takarda sumul marar layi sai wajen shekarun 1790 ta yaɗu. Nemi tambarin mai yin takarda da ke cikin jikinta, wanda sai a haske ake ganinsa. Wanda ya taɓa duba tsoffin littattafan malamanmu ya san takardar nan mai jinjirin wata uku da ake kawowa daga Italiya. Dabarar ɗaya ce. Daga 1794 masu yin takarda a Ingila sun riƙa saka shekara a tambarin saboda dokar haraji. In ka ga 1797, ba a buga fallen kafin nan ba, ko da waƙar ta girme shi da shekara hamsin, domin ana ajiye faranti a sake amfani da shi.

Sannan karanta kan takardar. Yawanci ana faɗin wanda ya rera da gidan da aka rera, Drury Lane ko Covent Garden, wanda aka buɗe a 1732. Sunan mawaƙiya babbar shaida ce. Kitty Clive ta yi aure a 1733. Kafin nan Miss Raftor ake rubutawa. Ina da falle ɗaya mai wannan suna, kuma ba zan rabu da shi ba. Dubi ƙasa kuma: idan masu ɗab'in Longman da Broderip ne a lamba 26 titin Cheapside, tsakanin 1776 da 1798 kake. Doguwar "s" mai kama da "f" ta fara ɓacewa wajen 1800. Tsoffin falle sukan ƙare da layin kiɗan sarewa, don mai son busa waƙar a gida.

Mai bango kala-kala da hoton mawaƙi ta zamanin Sarauniya Victoria ce, bugun dutse (zanen da aka yi a kan dutse maimakon faranti), kuma sau da yawa takardarta ta fi saurin ruɓewa.

Idan ka kawo ta gida, don Allah kada salatif ya taɓa ta, kada kuma ka kai a manne ta cikin leda da zafi. Na ga falle mai kyau da gam ya mayar ruwan ƙasa, abin ya tsaya mini a rai. Shimfiɗa ta cikin jakar kwali marar asid, nesa da rana da danshi. Ɗigon tsatsa-tsatsa da ke jikinta ka bar su, wanki aikin gwani ne. Abin da ka gano, rubuta shi da fensir a jikin jakar, tare da ranar da ka saya da kuɗin da ka biya.